NOMA DA KIWO: Sharar Kasuwar Bodija Da Aikin Tana

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Kasuwar Bodija a birnin Ibadan, wanda Hausawa suka fi sani da Badun, ya ga yadda manyan motoci ke jeruwa tun kafin gari ya waye, waɗansu daga Kano da Katsina, waɗansu daga Sakkwato da Barno, ɗauke da wake da dawa da gero da masara da busasshen barkono. Daga ƙauyukan Jihar Oyo kuma ga doya da rogo da agada da ganyaye iri iri suna shigowa. Kafin la'asar an sauke, an auna, an sayar, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne abin da ke saura bayan an tashi kasuwa, watau tulin ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon doya da ƙaiƙayi da ganyen da aka kwance kaya daga cikinsa. Wanda bai tsaya a kasuwa ba kuwa ya bi masu cefane gida, gobe a same shi a bakin kwata.

Hausawa sun daɗe a wannan ciniki. Tun cikin 1916 aka kafa unguwar Sabo, inda fataken goro da na shanu suka yi zango har suka zama 'yan gari. Ita Kasuwar Bodija a 1987 aka buɗe ta, lokacin da aka kwaso masu sayar da kayan abinci daga Orita Merin saboda cunkoso, kuma da yawa daga cikin dillalan hatsi da 'yan dako da masu tura baro da ke cikinta mutanen Arewa ne. Saboda haka maganar sharar Bodija ta shafi Bahaushe ta fuska biyu. Ta farko, shi ne mai zama kusa da ita yana shaƙar warinta. Ta biyu, wani kashi na wannan shara ƙarfin gonar ubansa ne, gama kowane buhun wake da ya baro ƙasar Katsina ya tafi da wani abu daga abincin da ke cikin ƙasar da ya tsiro, motar da ta kai shi Kudu kuwa ba ta komowa da ko mudu ɗaya na taki.

AL'ADAR DA AKA BARO GIDA

Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe ya ɗauki shara a matsayin dukiya. Dattawan ƙasar Kano suna tune da zamanin da jakuna ke shiga birni da itace, su fito da mangaloli cike da taki, watau toka da kashin awaki da sharar tsakar gida da ta daɗe a juji. Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan taki yana cikin manyan dalilan da suka sa ake noma gonakin wurin kowace shekara ba hutu, amma ba su mutu ba. Birni ya ci amfanin gona, ya mayar wa gona da hakkinta.

Abubuwa biyu suka raunana wannan al'ada. Na farko shi ne takin zamani, wanda Gwamnati ta riƙa sayarwa da rangwame mai yawa tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, har manomi ya ga ɗaukar buhu guda ya fi masa sauƙi bisa ga jigilar mangala ashirin. Na biyu shi ne leda. Tun da ta shigo, juji ya cika da ita da robobi da fasassun kwalabe da matattun batura, har mai gona yana tsoron abin da zai zuba a gonarsa. Ga shi kuwa rangwame ya ja baya, takin zamani ya yi tsada. Shugabannin Afirka da suka taru a Abuja cikin 2006 sun yarda cewa manomin wannan yanki ba ya samun abin da ya wuce kilo 8 na takin zamani a kowace kadada, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015, shekarar ta zo ta wuce ba a cim ma buri ba.

A Badun kuwa shara ba gona kaɗai take cuta ba. Ranar 31 ga Agusta, 1980, kogin Ogunpa ya yi ambaliya ya ci rayuka masu yawa da gidaje, haka kuma ranar 26 ga Agusta, 2011, ruwa ya sake hallaka mutum fiye da 100 a birnin. Ruwan sama mai yawa da gine-gine a kan hanyar ruwa suna cikin dalilai, amma duk lokacin da aka yi bincike sai an ambaci sharar da ta toshe magudanai da ƙarƙashin gadoji. Wadda aka samu aka kwashe kuwa sai an biya mota da mai kafin a kai ta manyan jujin bayan gari irin na Awotan da Lapite, alhali kuwa mafi yawanta abu ne mai ruɓewa.

MASANA'ANTAR TAKI A BODIJA

Masana sun daɗe da ganin wannan hasara. Cikin 1998 Gwamnatin Jihar Oyo ta kafa masana'antar takin gargajiya mai suna Pacesetter a gefen Kasuwar Bodija, bisa shawarar malaman Jami'ar Ibadan, musamman Farfesa M.K.C. Sridhar na sashen tsaftar muhalli da Farfesa G.O. Adeoye na sashen aikin gona. Dabarar ita ce a haɗa sharar kasuwa da kashin shanu da tumbin da ake zubarwa a mahautar da ke wurin a lokacin, a bari su ruɓe, a niƙa, a ɗura a buhu a sayar wa manoma. Daga baya an yi irinta a Kasuwar Aleshinloye. Wannan aiki ya tabbatar da cewa sharar kasuwar Badun tana zama taki mai kyau wanda masara da kayan lambu ke amsawa.

Sai dai masana'anta tana da nata sharuɗɗa. Tana bukatar wutar lantarki, da kayan gyaran inji, da albashin ma'aikata, da wanda zai tsaya ya tsince leda da ƙarfe daga cikin shara kafin ta shiga inji. Ba ta kuma iya bin kowane lungu na Sabo ta karɓi ɓawon doyar da uwargida ta fere da safe. A nan ne ake bukatar wani ma'aikaci wanda ba ya neman lantarki ko albashi, kuma yana nan birjik a ƙasar Badun tun kafin a kafa garin. Wannan ma'aikaci shi ne tana, watau doguwar tsutsar nan mai santsi ta cikin ƙasa mai laima, wadda yara ke tonowa su sa a ƙugiya.

WACE IRIN TANA?

Ba kowace tana ce ke wannan aiki ba. Akwai wadda ke zaune can cikin ƙasa, ita ce ke tara kashinta a tsaye kamar 'yan ƙananan hasumiyoyi a gonakin kurmi da damina. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Badun, wadda aka kafa a 1967, sun auna irin wannan kashi suka tarar ya fi ƙasar da ke kewaye da shi abincin shuka. Cikinsu har da Rattan Lal, wanda ya sami babbar lambar yabo ta duniya kan abinci a 2020 saboda aikinsa a kan ƙasar noma. Amma wannan tana ba ta zama a akwati, in an tsare ta sai ta mutu.

Wadda ake nema ita ce mai zama a sama sama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin shanu da gindin ayaba da gefen juji mai damshi. Ja ce mai duhu, bayanta yana ƙyalli in haske ya taɓa shi, tsawonta yakan kai taƙi guda, kuma tana da zafin nama, da an taɓa ta sai ta yi ta wutsil-wutsil. Masana suna kiranta Eudrilus eugeniae, Turawa kuma suna ce mata mai yawon dare ta Afirka. Asalinta Afirka ta Yamma ne. Daga nan aka kwashe ta zuwa Amurka don masu kamun kifi, ta kai Indiya da Filifin, inda dubban manoma ke kiwonta suna yin taki suna sayarwa. A Kuba ma, da takin zamani ya yanke bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, kiwon tana yana cikin abubuwan da suka ceci lambunan birane. Abin mamaki, masu ita na asali su ne ba su san darajarta ba.

Halittarta abin lura ce. Ba ta da ido, amma tana jin haske tana gudunsa. Ba ta da haƙori, ƙundu gare ta kamar kaza, da shi take niƙe abin da ta haɗiya. Ba ta da huhu, ta fatarta take numfashi, shi ya sa in jikinta ya bushe ta mutu, in ruwa ya kwanta a wurinta kuma sai ta gudu. Kowace guda mace ce kuma namiji ce, amma sai biyu sun haɗu, sa'an nan kowace ta ajiye 'yar ƙwaya mai kama da ƙwayar dawa, wadda ke ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu ko uku bayan kamar mako biyu. Su kuma cikin mako shida zuwa bakwai sun isa haihuwa. Maganar nan da yara ke yi cewa in an raba tana biyu kowane ɓari zai zama tana ba gaskiya ba ce, ɓarin wutsiya mutuwa yake yi. Shahararren masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya shafe shekaru kusan arba'in yana lura da tana, littafinsa na ƙarshe da ya fito a 1881 a kanta ya rubuta shi.

YADDA AKE SHIRYA MATA WURI

Magidanci ba ya bukatar sayen wani abu mai tsada. Tsohon baho, ko rabin durom na roba, ko akwatin katako mai zurfin ƙafa ɗaya ya isa. A huda ƙasansa wurare da yawa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a ɗora shi bisa duwatsu ko ƙafafun katako a inuwa mai sanyi, inda rana ba ta bugawa kuma ruwan indararo ba ya zuba. Wannan tana ta fi jin daɗi in zafi yana tsakanin awo 25 zuwa 30 a ma'aunin zafi, in ya haura 35 sai ta fara mutuwa, don haka ɗakin kwano da tsakar rana kabarinta ne.

Daga nan sai shimfiɗa. A yayyaga kwali da tsohuwar jarida, a haɗa da busasshen ganye da tsohon kashin shanu wanda ya huce, a jiƙa su. Ana gane damshin ya yi daidai in an damƙi shimfiɗar an matse, ɗigo ɗaya ko biyu suka fito. A barbaɗa ƙasa tafi guda saboda ƙundunta, a bar wurin ya kwana biyu ko uku, sa'an nan a zuba tana, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. A daren farko da na biyu takan yi ƙoƙarin gudu, to, in an bar fitila a kunne kusa da wurin sai ta haƙura ta nutse.

Wajen ciyarwa ne akasarin masu farawa ke kuskure, gama sukan ɗauka juji suka samu. Tana ba ta cin fiye da kamar rabin nauyinta a yini, watau kilo guda nata ba zai cinye fiye da rabin kilo na ɓawo ba. Wanda ya fara da cikin gwangwani guda sai ya ba ta kaɗan, ya jira ta cinye, ya ƙara, har ta hayayyafa. A yayyanka abincin ƙanana, a tona gefe guda a binne shi a cikin shimfiɗa, gobe a koma wani gefen. Abin da aka binne ƙuda ba ya samunsa.

Tana son ɓawon doya da na dankali da na ayaba da agada, da ɓawon kankana da gwanda, da ragowar alayyafo da kabeji, da ganyen shayi, da ganyen da aka naɗe alale ko goro, da ɓawon ƙwai in an daka shi. Ɓawon rogo yana da guba in ɗanye ne, sai an shanya shi ko an bar shi ya ruɓe tukuna. Abin da ba a ba ta shi ne nama da kifi da ƙashi, da ragowar miya mai manja da gishiri, da barkono da attarugu, da albasa da ɓawon lemo masu yawa, da ruwan wanke-wanke mai sabulu. Gishiri da yaji suna ƙona fatarta, nama da mai kuwa su ke kawo wari da ɓeraye. Kada kuma a kusantar da kashin mutum ko na kare ko na kyanwa, saboda cututtukan da ke cikinsu. Akwatin da ake kula da shi ƙamshin ƙasar sabon ruwa yake yi. In ya fara tsami, to, abinci ya yi yawa ko ruwa ya yi yawa, maganinsa a tsai da ciyarwa kwana kaɗan, a ƙara busasshen kwali, a ɗan motsa don iska ta shiga.

Maƙiyanta sanannu ne: kaji da ƙadangaru da kwaɗi da ɓeraye, sai kuma tururuwa da cinnaka, da uwa uba kwarkwasa, wadda ke iya share akwati guda a dare ɗaya a ƙasar kurmi. Murfi na waya mai ƙananan idanu yana tsare na farko. Na biyu kuwa a sa ƙafafun akwatin cikin gwangwanaye masu ruwa, a riƙa sauya ruwan kowane kwana uku don kada sauro ya samu wurin ƙwai.

GIRBI DA AMFANI

Bayan wata biyu zuwa uku shimfiɗar da ɓawon duk sun zama baƙar ƙasa mai laushi kamar garin shayi. Hanya mafi sauƙi ta kwashewa ita ce a daina sa abinci a gefe ɗaya har mako biyu, tana za ta ƙaura zuwa gefen da abinci yake, sai a kwashe wancan. Mai gaggawa kuma ya juye akwatin bisa buhu a wuri mai haske, ya yi 'yan tsibi-tsibi, ita za ta gudu ƙasa, shi kuma ya riƙa ɗebe na sama. A sha iska da takin a inuwa, kada a shanya shi a rana, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Wajibi ne a faɗi gaskiyar ƙarfinsa don kada wani ya yi zaton ya rabu da sayen buhu. Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, wanda yake kashi 46 cikin 100 a takin yuriya, bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba a takin tana. Akwatin gida ɗaya ba zai ciyar da kadadar masara ba. Amfaninsa a wani wuri yake: ba ya ƙona shuka, yana sakin abincinsa sannu a hankali, yana sa ƙasa ta riƙe ruwa, yana kuma mayar mata da rai, ta yadda ɗan takin zamanin da aka sa ba zai bi ruwa ya tafi ba. Tafi ɗaya a gindin tumatir ko attarugu ko kuɓewa ya isa, wajen renon iri kuma a haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku ko huɗu na ƙasa. Matar da ke cikin gida a Sabo, wadda ba ta da ko taki ɗaya na fili, tana iya shuka alayyafo da yakuwa a tsofaffin buhuna da bokitai ta rage kuɗin cefane. In tana ta yi yawa kuma abinci ce mai gina jiki ga kaji da tarwaɗa, masu kiwonsu kuwa ba su da iyaka a kewayen Badun.

Sharar kasuwa tana da nata hukunci dabam. Ɗanyen ganye da tumatir in an tara su da yawa sukan ɗauki zafi har awo 60, wanda zai dafa tana nan take. Sai an tsibe su mako biyu ko uku ana juyawa har su huce kafin a ba ta. Wannan aiki ne da matasa masu tura baro za su iya yi a ɗan fili mai rumfa, su sayar wa masu lambu da masu renon furanni. A Arewa ma yana yiwuwa, sai dai zafin bazara da bushewar hunturu suna neman a yi rami a gindin itace mai duhuwa ko cikin rumfar zana, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma.

ABIN DA YA RAGE

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan abu ɗaya, shi ne raba shara tun daga inda aka yi ta. Ɓawon doyar da aka zuba a bokitinsa dabam taki ne, wanda aka cakuɗa da leda da batir da ruwan kwata kuwa ya zama ƙazanta, babu inji ko tana da za su gyara shi da araha. Nan ne shugabannin sassan Kasuwar Bodija da masu unguwannin Sabo ke da abin yi, gama su ne ake jin maganarsu: kowane layi a ajiye mazubi biyu, ɗaya na mai ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa. Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, wadda kasuwar ke ƙarƙashinta, za ta iya ba da fili, malaman gona su koya wa mutane gane irin tanar da ta dace, makarantun firamare da na Islamiyya kuma su ajiye akwati guda guda don yara su gani da idonsu.

Magidancin da ya karanta wannan bayani ba sai ya jira kowa ba. Tsohon baho yana bayan ɗaki, kwali yana shagon maƙwabci, tana kuwa tana gindin ayaba, musamman da damina. In ya fara a wannan mako, kafin wata uku zai riƙe baƙar ƙasa a hannunsa wadda da tuni ta toshe kwatar ƙofar gidansa. Kakanninsa da jaki suka yi wannan aiki a ƙasar Kano, ba su kuma ɗauke shi abin kunya ba. Allah Ya ba da damina mai albarka.